Hannun Hamisu da Sunan Isuhu

Na daɗe ina tsallake wannan babi. Abin da ya zaunar da ni a kansa magana ce da na ji a bakin Nana, 'yar ƙanena Hamisu, ranar sunan ɗanta. Tana tsakar gida tana ba dangin mijinta labarin yadda hannun mahaifinta ya lalace, sai na ji ta ce wani sakaran direba ne ya bar mota a kunne, ya cuci ubanta, ya gudu ƙauyensu. Ina zaure na ji ta, abincin da ke gabana ya fita raina. Nana ba ƙarya ta shirya ba, abin da ta ji a gida ta maimaita, kuma ni ne na bari aka yi ta faɗarsa. To ku saurara, ku nawa da ku na Hamisu, don ban taɓa raba ku ba. Sunan direban nan Isuhu. Ba sakarai ba ne, kuma bai gudu ba.

Shekara talatin da ɗoriya ni da Hamisu muna faci a bakin titi a Ƙofar Kwaya, ƙarƙashin bishiyar bedin nan da kuka sani. Kayan aikinmu ba su da yawa: injin iska, bahon ruwa na neman huji, jak biyu, da wani kututturen kirya da muka gada wurin maigidanmu. Aikin ma a rabe yake tun muna samari. Ni ke riƙe jak, ni ke magana da masu mota, shi kuma Hamisu in mota ta tashi sai ya kwanta a gefe ya tura kututturen ƙarƙashinta da hannu, don ko jak ya zame ta sami abin sauka a kai. Dokarmu uku ce, kullum ita nake yi wa direbobi tsawa da ita: kashe mota, sa giya, sa dutse. Amma ban taɓa leƙa makulli don in tabbatar an kashe ba. Kunnena ne shaidata. In inji ya yi shiru, mota ta mutu, shi ke nan, kuma a shekarun nan duka kunnen bai taɓa ba ni kunya ba. Ni mutum ne mai zafin baki, kun fi kowa sani, kuma ina da ji da kaina a kan sana'ata. Hamisu kuwa sanyi gare shi kamar randa. Yakan zolaye ni ya ce ko likita ne ya kawo taya sai na koya masa allura kafin ya tafi, in zage shi, ya yi dariya, mu ci gaba da aiki.

Ranar Laraba ce, bayan azahar, cikin damina. An yi ruwa da safe, ƙasar gaban rumfarmu ta sha ta yi laushi, ko da yake samanta ya bushe. Ba mu ji zuwan motar ba, ganinta kawai muka yi a kanmu. A-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, fara, sabuwa fil, irin wadda ba ta shan mai, caji ake mata kamar waya. Ta wani Alhaji ce a GRA, ɗansa da ke ƙasar waje ya aiko masa. Kafin ka ce me, 'yan acaɓa da masu shago sun kewaye ta. Direban ya buɗe musu gabanta, inda ya kamata a ga inji, sai ga akwati wayam, aka sa salati da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce yau dai Malam Lawal ya gamu da wadda ta fi ƙarfinsa. Wasa ya yi, amma maganar ta shige ni. Direban saurayi ne da bai kai talatin ba, siriri, mai ladabin mutanen karkara, daga wani ƙauye ta wajen Rimi. Mako biyu ke nan da aka ba shi motar. Ƙusa ta taka a tayar baya ta hagu.

Hamisu ya zagaya baya ɗauko kututturen, don mai rake ya are shi yana zama a kai. Ina jawo jak, sai direban ya matso kusa da ni, ya rage tsawo, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda babu wanda zai ji yana yi wa babba gyara.

"Baba, don Allah ka dakata kaɗan. Ɗan Alhaji ya ce kada a ɗaga wagga mota sai an taɓa wani wuri a allon da ke gaban direba, don ta bar gyara tsayuwarta. Ni ban riƙe wurin ba, da Turanci yake. Bari in buga mishi shi hwaɗa mini."

Ya buga, ba ta shiga ba. Ya sake, ba ta shiga ba. Ni kuwa ina jin idanun mutane a bayana, kuma ban ga yadda za a yi a ce Lawal na tsaye da jak a hannu yana jiran waya ta koya masa ɗaga mota ba. Na kara kunnena a jikinta, shiru. Na ce masa ai ga ta nan a mace. Ya ce ita haka take ko a kunne ko a kashe, ba ta da ƙara, kuma an ce ko an kashe ta ba ta barci duka. Abin da na mayar masa ina tuna shi kalma-kalma, don babu ranar da ba ya dawo mini.

"Yaro, tun ba a haife ka ba nike ɗaga tirela. In koya ma mutane aikinsu ka zo, ɗauki motarka ka tahi a yi maka faci a allo."

Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Ya koma gefe da wayar a kunne yana ta sake bugawa. Da ɗan birni ne mai tsaurin ido, da ya tsaya a gaban jak ɗin ya yi mini ihu kowa ya ji, da ƙila yau Hamisu na da hannunsa. Tarbiyyarsa ce ta sa ya rage murya, ni kuma na ci moriyar wannan tarbiyya har sau biyu, kamar yadda za ku ji.

Na sa dutse, na sassauta notuna, na cusa jak inda idona ya ga ƙarfe. Tun bugun farko na ji nauyinta ba irin na sauran ba ne, jak ɗin yana nishi, gindinsa yana nutsewa cikin ƙasa. Nan ma ya isa ya tsayar da mai hankali. Na ci gaba. Jikin motar yana tashi amma tayar ta ƙi barin ƙasa, sai na yi ta bugawa har ta ɗan ɗagu, na zare ta na mirgina gefe. Hamisu ya iso da kututture, bai san an yi wata magana ba. Ya yi bisimilla ya kwanta a gefensa kamar kullum, ya tura hannun dama da itacen. A daidai nan na ji wani huci daga ƙarƙashin motar, kamar an sassauta bakin taya. Motar ta motsa da kanta. Ba gaba ta yi ba, ba baya ba, gyara tsayuwa ta yi kamar mutumin da ƙafa ɗaya ta gaji. Na ga kan jak ya karkace, na buɗe baki in kira sunansa, ban kai ga fitar da shi ba ta sauka. Faifan birkin ya danne hannun a gefen kututturen, daga wuyan hannu zuwa yatsu.

Hamisu bai yi ihu ba, salati ya yi ta maimaitawa. Mutane suka yi abin da aka saba yi in mota ta danne wani, maza takwas ko fiye suka kama gefenta suka ɗaga da kabbara. Ko gezau ba ta yi ba. Ashe batirinta shimfiɗe yake a ƙarƙashinta tun daga gaba har baya, nauyinta ya ninka abin da ido ke gani. Ni da nake cika bakin tirela, sai ga shi na kasa saita jak na biyu. Isuhu ne ya fizge shi daga hannuna, ya ciro benci ya shimfiɗa a ƙasa don kada ya nutse, ya buga har aka jawo Hamisu. Shi ne kuma ya tuɓe rigarsa ya naɗe hannun. Wannan ma ban taɓa faɗa muku ba.

A asibiti suka yi iya ƙoƙarinsu. Yatsu uku suka tafi, sauran biyun suka ƙage, wuyan hannun bai ƙara lanƙwasuwa ba. Motar kuwa a gaban rumfarmu ta kwana a kan jak, don babu wanda ya yarda ya sake taɓa ta. Washegari da hantsi Alhaji ya sa aka ɗauko wani makanike daga Kano wanda ya san irinta, na fito daga asibiti na tsaya ina kallonsa. Ya fara sa aka kawo faffaɗan katako aka shimfiɗa, ya ce ba a ɗaga irin wannan a kan ƙasa mai laushi. Ya shiga ya taɓa allon sau uku. Ya bayyana mini cewa ita ba sifirin gare ta ba, jakunkunan iska ne a kan kowace ƙafa, kuma tana da abin da ke auna tsayuwarta. In ta ji gefe ɗaya ya fi tsawo sai ta saki iska nan ta ƙara can don ta daidaita, ba ta san jak ba ne, tsammani take tudu ta hau. Taɓawar nan uku ita ke gaya mata taya za a canza, ta ƙame kada ta motsa. Ya toshe sauran tayoyin gaba da baya. Ya nuna mini wurare huɗu kacal da aka yi domin jak, kowane da alamarsa, ya ce ko'ina ban da nan batir ne ko murfinsa. Ya ɗora wata 'yar roba a kan babban jak ɗinsa, ya ɗaga, ya tura ƙarfen tokari da sanda, hannunsa bai shiga ƙarƙashi ba ko sau ɗaya. Duka aikin bai kai shan kofin shayi ba. Yana goge hannu ya tambaye ni, a gaban yaron gidan Alhaji da aka haɗo shi da shi, ko direban bai ce mini komai game da allon ba.

Na ce bai ce ba.

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi, amma da ta fito ban kore ta ba. Kafin la'asar ƙaryar ta isa GRA. Isuhu ya rantse wa Alhaji cewa ya faɗa mini, aka tambayi waɗanda ke wurin, kowa ya ce shi dai bai ji ba, kuma gaskiyarsu, ba su ji ba. Maganar dattijo mai furfura da ta yaron ƙauye aka ɗora a sikeli. Aka karɓe makulli aka sallame shi. Alhaji ya ɗauki nauyin asibiti, yana ta ba mu haƙuri a kan laifin yaronsa, ni kuma ina amsawa da cewa ƙaddara ce. Zan iya ce muku don kada ya janye taimakonsa na yi shiru, amma wannan zai zama ƙarya ta biyu, don mutumin kirki ne, ba zai janye ba. Tsoro na ji. Tsoron in dubi Hamisu, wanda na goya a bayana ranar da mahaifiyarmu ta rasu, in ce masa an gargaɗe ni na ƙi ji. Da tsoron Hajara matarsa, wadda ke durƙusawa ta gaishe ni da Yaya, da tsoron bakin Ƙofar Kwaya.

Isuhu ya zo asibiti dubiya ranar kwana huɗu, da 'yar ledar lemo a hannu. Hajara ta tare ƙofa ta ce ya koma da abinsa, wanda ya yi musu ya isa. Hamisu, da ban taɓa ganin ya ƙi amsa sallamar kowa ba, ya juya fuskarsa bango. Ina zaune a bakin gadon. Yaron ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa, har na ji takunsa ya yi nisa.

Bayan wata biyu ya same ni a rumfa ni kaɗai, da safe kafin mutane su taru. Ya rame. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi mai jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, kamar babu komai tsakaninmu. Ya ce ya koma gida yana noma. Sannan ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, ba don aikin na zo ba, aiki na Allah ne. Tsohona ne. Labari ya kai mishi cewa na nakasa bawan Allah kuma na tsaya ina gardama da dattijo. Ya ce shi bai haifi maƙaryaci ba. Tun ran nan ba ya cin abinci da ni, in na gaishe shi da kai yake amsawa. Ya tsufa, Baba, ba shi da lafiya. Ba sai ka je wurin Alhaji ba, ba sai kowa ya ji ba. Shi kaɗai nike so ka hwaɗa mawa."

Ya kwatanta mini ƙauyen, da gidan, kusa da masallacin Juma'a. Na ce masa in sha Allahu zan zo, ya bari mai jiki ya ɗan warware. Ya yi godiya har da cewa Allah ya ƙara girma. Ina kallonsa ya tsallaka titi, kuma a lokacin da gaske nake zan je. Aka sallami Hamisu na ce sai an gama kaka. Aka gama kaka na ce sai bayan azumi. Kowane mako ina da dalili mai kyau, kuma tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba.

Gidanmu ya canza a watannin nan. Hamisu ya daina cin abinci tare da ni. Tun muna yara kwano ɗaya muke sa hannu, yanzu kuwa da hagu yake ci, kuma kunya ta hana shi sa hagu a kwanon da wani ke ci. Na roƙe shi, na yi faɗa, na kawo cokali biyu na ce mu ci da shi duka, ya ce shi tuwo da cokali ba ya masa daɗi, ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki. Yakan biyo ni rumfa ya zauna a benci yana karɓar baƙi, in ya ga na sunkuya zan tura kututture sai ya kau da kai. Ni kuma zafin bakina ya mutu, direbobi har suna tambaya ko lafiya Malam Lawal ya daina zagi. Binta matata ba ta taɓa tambayata kai tsaye ba, ba halinta ba ne. Sau ɗaya dai, tana miƙo mini ruwan alwala da asuba, ta ce ciwon Hamisu kowa ya san inda yake, nawa ne ba ta gano wurinsa ba. Na ce mata gajiya ce. Ta ce to Allah ya sawwaƙe, amma gajiya ba ta hana mutum haɗa ido da ƙanensa.

Wata na tara da faruwar abin, ranar wata Asabar da la'asar, muna rumfa. Hamisu yana ƙoƙarin ɗaure igiyar wandonsa bayan ya fito daga kewaye, da hannu ɗaya da haƙori, ta kuɓuce masa sau uku. Na tashi zan taimaka ya ce in bari. Ya zauna yana haki, idonsa ya kawo ruwa, sai na ji ya ce Allah ya isa tsakaninsa da yaron nan, ba zai yafe ba har gaban Allah. Shekara sittin ina tare da Hamisu, an cuce shi a kasuwa, an zage shi a titi, ban taɓa jin Allah ya isa a bakinsa ba. Na ga na ɗauki mutum mai tsarkin zuciya na sa shi yana kai ƙarar marar laifi wurin Ubangiji, kuma na san inda ƙarar za ta sauka. Na ajiye sifana na zauna a ƙasa a gabansa, na faɗa masa duka, tun daga rage tsawon da yaron ya yi har maganar tirela, har tambayar mutumin Kano, har zuwan Isuhu rumfa da roƙon da ya yi.

Wata mota ta tsaya neman iska, Hamisu ya ɗaga mata hannun hagu ta wuce. Na yi tsammanin zai yi maganar hannunsa, kuma na shirya karɓar duk abin da zai ce.

"Yaya, hannu dai ya tahi, da ma rabonshi ke nan. Ko da ka hwaɗa mini ran nan, ka ce in shiga, shiga zan yi, don kai ne. Amma wata tara ka bar ni ina ƙin mutum a banza. Ya zo gaishe ni na juya mashi baya, kana zaune. Wannan ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce wannan maganar ta jira, akwai wanda ya riga ni a layi. Gobe da sassafe za mu ƙauyen, ni da shi, tsohon za mu fara gani, Alhaji daga baya. Ya kuma kafa mini sharaɗi cewa kada maganar ta shiga gida. Ya ce Hajara ba za ta iya ci gaba da gaishe ni ba in ta ji, yara kuma za su rabu gida biyu, shi kuwa ba zai rasa hannu ya rasa gida ba. Na karɓi sharaɗin da sauri, saurin da har yau nake jin kunyarsa, don ya yi mini daɗi. Bayan sunan ɗan Nana na koma masa na ce shirun nan ya zama ci gaban ƙaryata, ya yi tunani kwana biyu, ya ce in rubuta, kun girma.

Washegarin Asabar ɗin nan muka kama hanyar ƙauyen da safe. Hamisu ya saya wa tsohon goro da turare, ya riƙe ledar a cinyarsa har muka sauka a bakin titi muka hau babura. Ni kuwa ina ta jera kalmomin da zan faɗa, yadda zan durƙusa gaban dattijon in ce masa ɗansa mai gaskiya ne, ni ne maƙaryacin. Har na fara jin sauƙi a ƙirjina tun kafin mu isa, kamar wanda ya riga ya sauke kaya. Muka sha kwanar masallacin Juma'a, sai na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan da aka kwatanta mini, maza zaune jeri-jeri, ana ɗaga hannu ana shafawa. Na tambayi mai babur ɗin wa ya rasu. Ya ce Malam ne, mahaifin su Isuhu, yau kwana uku.

Da ni kaɗai ne da na juya, ba zan ɓoye muku ba. Hamisu ya sauka ya yi gaba, dole na bi shi. Muka yi sallama, muka zauna, aka yi addu'a. Isuhu yana tsakiyar 'yan'uwansa, ya gane mu tun daga nesa, ya taso ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida Hamisu ya tambayi jiki. Hamisu ya miƙa masa hannun nan da ya lalace, wanda ba ya bari kowa ya gani, ya roƙe shi ya yafe masa juya bayan da ya yi masa a asibiti. Daga nan ya dube ni. Na miƙe tsaye a gaban mutanen da ban sani ba, limaminsu da dattawansu, na ce ina da magana. Na faɗi sunana da sana'ata. Na ce yaron nan ya gargaɗe ni, da ladabi, har sau biyu, na ƙi ji saboda girman kai, na nakasa ƙanena da hannuna, sannan na yi masa ƙarya aka kore shi. Na ce ya zo har rumfata ya roƙe ni in zo in wanke shi wurin mahaifinsa, na yi alkawari, na yi wata bakwai ban zo ba. Wani tsoho a gefen liman ya fara share ido da bakin rawaninsa, daga baya na ji ƙanen mamacin ne.

Isuhu bai ɗago ba sai da na gama. Babu fushi a fuskarsa, kuma da na ga fushi da ya fi mini sauƙi.

"Na gode, Baba. Ka yi ƙoƙari da ka zo, kuma na yafe maka. Ran Laraba da dare jikin tsohona ya yi tsanani, na riƙe hannunshi na sake rantse mishi. Ya ce in bar rantsuwa, in nemi gafarar Allah, shi ya yafe mini abin da na yi." Ya dube ni. "Yafe mini ya yi, Baba. Bai yarda da ni ba."

Aka kawo mana fura, don baƙi ne mu daga birni, kuma Isuhu da kansa ya riƙe wa Hamisu kwanon har ya sha. Da za mu tafi ya raka mu bakin hanya. Na tambaye shi inda aka sa Malam, ya nuna mini da hannu, can bayan gonakin gero. Na ce su ba ni minti kaɗan. Na taka ni kaɗai har wurin, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta gama yi ba. Na yi masa sallama, na yi masa addu'a, sannan na tsuguna na faɗa masa maganar da na zo da ita, duka, yadda na jera ta a mota. Na san ba ta da sauran amfani. Na faɗa dai, don ba ni da wani wurin da zan kai ta.